Gayyar Haƙa Tafkin Lambu

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, an ɗaure kara, sai aikin ƙarfi ya dawo cikin gari. Lokacin ne ake yaɓen katanga, a yashe rijiya, a ɗora jinka. Lokacin ne kuma mai sha'awar lambu a bayan gida yake fara neman inda zai tara ruwa. A ƙauyukan kudancin Kano, inda na tashi, irin wannan aiki ba a ba da shi jinga. Gayya ake kira.

Kiran gayya yana da ladabinsa. Mai gayya ba ya aiken yaro, da ƙafarsa yake zuwa. Ana saura kwana uku ko huɗu, bayan sallar isha'i, sai ya bi zaure-zaure da goro a aljihu, ya fara da dattijan unguwa don neman albarka, sannan ya gangaro kan sa'o'insa. Akan kauce wa Juma'a da ranar kasuwa. Wanda ya karɓi goron nan ya ɗauki alkawari. In uzuri ya tare shi, ya turo ƙanensa, ko ya aiko da diga da kwanon sarki. Wanda bai zo ba, bai kuma aiko ba, babu mai ce masa uffan. Ranar da ya kira tasa gayyar zai ji amsa. Shi ya sa nake ƙin jin ana cewa gayya aikin kyauta ce. Bashi ce da ke zagaya gari, kowa ya san abin da ake bin sa, ko da yake ba a taɓa rubutawa ba.

Na ga wannan da idona shekarar da yayana ya yi niyyar haƙa ɗan tafki a kangon da ke bayan gidanmu. Shi ya riga ya zaɓi wuri kusa da bishiyar mangwaro, saboda inuwa. Baffanmu ya zo da yamma, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar wurin ya yayyafa mata ruwan buta, ya murza ta a tafin hannu. Ta wargaje. Ya matsa can gefen da ruwan indararo ke kwanciya da damina, ya sake ɗiba. Wannan karon ta miƙe kamar igiya, ya lanƙwasa ta ta zama zobe ba ta tsage ba.

"Nan za ka haƙa," in ji shi. "Can rairayi ne, kuma saiwar mangwaro za ta shanye maka ruwa."

"To Baffa, inuwar fa?"

"Ganyen da zai zuba ya ruɓe a ciki, shi ma inuwa ce? Ka ja baya da katangar maƙwabci taku biyar, kada danshi ya ci masa gindin gini."

Da sanda aka zana wurin, taku goma a tsaye, shida a kwance. A daren aka kwarara masa ruwa don ƙasar rani ta yi laushi.

Gari na wayewa mutane suka hallara, aka shafa Fatiha, aka raba aiki ba tare da wani ya yi umarni ba. Majiya ƙarfi suka kama diga, na bayansu shebur, yara matasa suka jeru da kwanon sarki a ka. Dattawa suna bakin rami a zaune, amma idonsu na kan gefen ramin, kada a sare shi a tsaye kamar rijiya, domin gaɓar da ba a kwantar ba takan zafta da ruwan farko. A gayyar noma makaɗi yakan biyo da gangarsa yana zuga samari. A ta bayan gida ba a cika kiran makaɗi ba, barkwanci ne ke maye gurbinsa: abokan wasa suna tsokanar juna, ana yi wa wanda ya riga kowa neman inuwa ihu. Da hantsi aka fito da kunun tsamiya da ƙosai. Kafin azahar rami ya kai ƙirjin mutum.

Ƙasar da aka fitar ba a zubar da ita. An ware ta saman, mai taki, domin fangalin lambu. Jar ta ƙasa aka cuɗa da ciyawa aka yi tubali. Haka kududdufan cikin birnin Kano suka samu asali: ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne, damina ta cika su. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ba da labarin ruwan Jakara da ke kwance kusa da kasuwa. Yau an cike da yawa daga cikin kududdufan nan an yi gine-gine a kai, ruwan sama ya rasa masauki, yana shiga gidajen mutane. Abin yana ci mini rai, domin magabata sun san amfanin rami a cikin gari.

Mata ba sa shiga rami ranar haƙa, amma ba don su ba gayya ba ta tashi. Tun jajibere maƙwabta suke taruwa a yi surfe da niƙa, a kaɗa miyar kuka, a dama fura. Tuwon gayya ba a auna shi da yawan waɗanda aka kira, saboda 'yan gayyar soɗi ba sa rasa zuwa, kuma abin kunya ne akushi ya ƙare wani bai ci ba. Washegarin haƙar tafkin yayana kuma aikin ya koma hannun mata kacokan. Su ne gwanayen daɓe. Aka shimfiɗa yumɓu a gindin ramin da gefunansa, suka bi shi da madaɓi suna bugu a tare, kamar yadda suke daɓe ɗakin amarya, har ya yi sumul ba kafar da ruwa zai zurare.

Bayan an cika tafkin da ruwa, da yake kifi za a zuba a ciki, sai aka jefa ɗan buhun kashin kaji, aka bar ruwan ya yi kore. Sannan aka kawo 'ya'yan tarwaɗa da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Tarwaɗa aka zaɓa don tana da juriya, tana tasowa ta shaƙi iska a saman ruwa. Aibinta ɗaya, babba yana cinye ƙarami, dole a riƙa tace su ana warewa. Ruwan da aka sauya kuwa ba ya tafiya a banza, kwalbati ake yi masa zuwa fangalin alayyafo da albasa da yakuwa, ga ban ruwa ga taki.

Wata shida bayan haka aka yi kamun farko. Kafin a kai ko ɗaya kasuwa, yayana ya sa aka jera kwanuka, kowane gidan da ya turo hannu aka aika masa, har gidan da diga kawai ya bayar. Daga ranar maƙwabci yana iya ɗibar ruwan kwaɓa ƙasa ba sai ya yi dogon roƙo ba. Tafkin na mutum ɗaya ne, amma gumin unguwa na ciki.

Yanzu a birane an koma tampol da tankin bulo da siminti, a kira leburori a biya su, kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Ba na ganin laifin wannan, gidan birni ba shi da fili. Sai dai wanda ya biya lebura ya sami ramin kawai, ba wanda zai leƙo gobe ya ce masa ruwan nan yana raguwa.

Abu ɗaya ya rage wanda masu gayya sukan manta saboda gajiya. Duk damina muna jin labarin yaran da ruwan kududdufi ya ci, kuma ruwa iya gwiwa ya isa ya halaka mai rarrafe. Don Allah, duk wanda ya tara mutane haƙa tafki a bayan gida, kada ya sallame su sai an kafa danga an sa mata ƙyaure.