Direban Ƙungiya da Ciwon Gaɓoɓi



Kaka ta yi, lokacin jigila ke nan. Daga Kaugama ana kwasar shinkafa da riɗi da zoɓo zuwa Malam Madori da Haɗeja, waɗansu har Gumel da Maigatari. Duk wahalar da muka sha a fadama, a ƙarshe hannun mutum ɗaya take komawa, wato direba. Direbobin da muka fi amincewa da su kuwa dattawa ne, da yawansu suna fama da ciwon gaɓoɓi, wanda mutane ke kira sanyin ƙashi. Sukan ɓoye shi domin tsoron kada a karɓe makulli. Wannan ɓoyo shi ne haɗarin, gama ciwon kansa ana iya zama da shi.

Mene ne ciwon?

A kan kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi. Shekaru da ɗaukar kaya da tsohon targaɗe sukan cinye shi, sai gwiwa ko ƙugu ya riƙa ciwo yana ƙagewa. Akwai kuma wani iri mai kumbura yatsun hannu biyu, mutum ya tashi da safe ya yi awa guda bai iya dunƙule hannu ba. Wannan yana bukatar likita da wuri. Wani irin kuma babban yatsan ƙafa yake kamawa da dare, da zafi kamar wuta.

Me ya haɗa shi da tuƙi?

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ciwo ya jinkirta ƙafa rabin daƙiƙa kawai kafin ta tashi daga totur ta hau birki, motar ta ƙara mita 8. Wannan ya fi tsawon amalanke da shanunta. A hanyarmu mai awaki da yara da babura, mita 8 tana iya zama ran mutum.

Gyaran da ba ya cin kuɗi da yawa

1. Fara da kujera. Matso da ita har ka iya danna kuloci zuwa ƙasa gwiwarka tana ɗan lanƙwashe, bayanka yana jingine. Idan kujerar ta lotsa, a sake cika ta.

2. Duba robar da ke kan kowace feda. Idan ta cinye har ƙarfe ya fito, a sake ta. Ƙafa mai laka a kan ƙarfe sai ta zame.

3. Kuloci mai tauri ba dole ba ne. Sau da yawa wayarsa ce ta bushe ko ta fara tsinkewa. Bakanike ya sa mata mai ko ya sake ta.

4. Gwada tukunyar da ke taimakon birki. Kashe inji, taka birki sau biyar, riƙe shi a ƙasa, sa'an nan ka ta da mota. Fedar za ta ɗan nutse. Idan ba ta motsa ba, ƙarfin ƙafarka kaɗai ke tsai da motar, sai a kai ta gyara.

5. Bar silifa da takalmi mai faɗin gindi. Sa takalmin da ya kama dunduniya. Cire kwalba da sifana daga ƙarƙashin kujera.

Ƙara wa feda tsawo ko faɗi

Ana iya ɗaura faranti na ƙarfe a kan feda domin ƙafa ta same ta da sauƙi. Amma a ɗaure shi da kusoshi da noti, a sa masa roba a sama, a bar fili tsakanin birki da totur domin takalmi kada ya taka biyu tare. Kada a ɗaure katako da igiya ko robar taya. Kada mai walda ya gasa sandar birki domin ya lanƙwasa ta, gama wuta tana raunana ƙarfe. Bayan aikin, a tabbata kowace feda tana sauka har ƙarshe, tana kuma dawowa da kanta.

Wanda gwiwar hagu ta dame shi, mota mai canja giya da kanta ta fi masa, domin ba ta da kuloci. Wanda ta dama ce, akwai totur na ƙafar hagu da kuma sandar hannu mai aikin birki da totur. Waɗannan a kan mota mai canja giya da kanta ake sa su, gwani ne ke sawa, sai kuma an koyi tuƙi da su sabo. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wuri ne da za a nemi shawara, kuma a nuna wa jami'an duba motoci abin da aka sāke.

Tarakta da babur

Tarakta tana da fedar birki biyu, ta hagu da ta dama. Kafin a hau titi, a haɗa su da sakatarsu. In an taka ɗaya ana gudu, sai ta juya ta kife da tirela. Sauka da baya kana riƙe da hannu biyu, kada ka yi tsalle. Mai babur kuwa ya gyara batir ya riƙa ta da shi da maɓalli, ya huta da bugun ƙafa.

Magani

Tramadol da kodin suna sa barci. A shekara ta 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wanda ya sha irin waɗannan, kada ya taɓa sitiyari. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma shansu kullum yana ɓata ciki da ƙoda, kun kuwa san yadda ake kuka da ciwon ƙoda a ƙasar Haɗeja. Ku guji haɗin ƙwayoyi marasa suna da ake sayarwa a tasha. Je asibiti a duba ka. Da safiyar hunturu, gasa gaɓar da ruwan ɗumi, ka ɗan taka kafin ka shiga mota. A doguwar tafiya, tsaya bayan kowace awa ɗaya ko biyu ka miƙe ƙafa. Ranar da gaɓar ta kumbura ta yi zafi, ba ranar tuƙi ba ce.

Aikin kwamiti

Sau ɗaya a shekara, kafin jigilar kaka, ku kai motar fili inda ba kowa. Direba ya yi gudu kaɗan, wani ya ɗaga hannu ba zato, a ga yadda zai tsaya. A gwada kowane direba, yaro da babba, domin kada wani ya ji an ware shi. Ku ajiye kuɗin gyaran feda cikin asusu kamar yadda kuke ajiye na taki. Idan dattijo ya kāsa, kada a sallame shi hannu wofi. Ya koyar da matasa, ya lura da gyaran mota, ya riƙe littafin mai.

A Kubawar Shari'a 22:8, an umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa da rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Birki mai kyau da direba mai faɗin gaskiya su ne rawanin motarmu. Ku karanta wannan a taronku na gaba, ku kira direban ya zauna a ciki.

Allah ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.