Yadda likitoci ke gano inda ciwo yake a ƙafar doki

Ɗingishi na daga cikin manyan matsalolin da ke sa a kai doki wurin likitan dabbobi, ko na tsere ne, ko na wasan polo, ko kuma na hawan sallah.

To amma doki ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, kuma sau da yawa ba a ganin kumburi ko rauni a jikinsa.

Wannan ne ya sa likitoci ke amfani da wata dabara ta kashe jijiyoyin ƙafa na ɗan lokaci da allura, domin gano ainihin wurin da ciwon yake.

Matakin farko

Kafin a yi allura, sai an tabbatar da ƙafar da ke da matsala.

Akan sa dokin ya yi sassarfa a kan ƙasa mai tauri. Idan ciwon yana ƙafar gaba, dokin kan ɗaga kansa a duk lokacin da ƙafar ta taɓa ƙasa, ya kuma sunkuyar da shi idan mai lafiyar ta sauka.

Ƙungiyar likitocin dawaki ta Amurka tana auna tsananin ɗingishi ne daga mataki na 0 zuwa na 5.

Galibin ɗingishin kan faru ne a ƙafafun gaba, waɗanda ke ɗauke da kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, kuma mafi yawa a kofato ko kusa da shi.

Daga ƙasa zuwa sama

Saboda haka likita kan fara ne daga ƙasa. Yakan zuba kimanin mililita 1.5 na maganin kashe zafi a gefen kowace ɗaya daga cikin jijiyoyi biyu da ke gangarawa zuwa dunduniyar kofato.

Bayan minti 5 zuwa 10 sai a sake sa dokin sassarfa. Idan ɗingishin ya ragu sosai, to ciwon yana ƙasa da wurin allurar.

Idan kuwa bai ragu ba, sai a matsa sama zuwa gaɓar da ke bisa kofato, sannan zuwa ƙashin ƙauri, mataki bayan mataki.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne mepivacaine, wanda kan yi aiki na kusan sa'a biyu. Akwai kuma lidocaine, wanda aka harhaɗa a Suwidin a shekarar 1943, amma shi bai kai wancan daɗewa ba.

Da zarar an gano wurin, sai a ɗauki hoton ƙashi ko na tsoka a daidai nan, maimakon a binciki ƙafar baki ɗaya.

Inda dabarar ke iya yaudara

An daɗe ana ɗaukar cewa allurar farko tana kashe bayan kofato ne kawai, don haka duk dokin da ya samu sauƙi da ita sai a ce yana da ciwon wani ƙaramin ƙashi da ke dunduniya.

Sai dai wani bincike da masana a Jami'ar Auburn ta Amurka suka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa allurar tana kashe zafin tafin kofaton ma.

Haka kuma maganin kan malala zuwa sama idan aka yi jinkiri, ya kashe wurin da ba a yi niyya ba.

Babban haɗari kuwa shi ne idan ƙashin ya riga ya tsage. Dokin da ba ya jin zafi zai ɗora dukan nauyinsa a kan ƙafar, kuma tsagewar na iya zama cikakkiyar karaya, wadda sau da yawa kan kai ga kashe shi.

Shi ya sa likitoci ke ɗaukar hoto tukuna idan ɗingishin ya zo farat ɗaya kuma da tsanani.

Allurar dai ba magani ba ce. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta amfani da irin waɗannan magunguna a lokacin gasa, domin ɓoye zafi na jefa doki da mahayinsa cikin haɗari.