Kwancin Kaza a Ƙasar Haɗejiya: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ranar da kaza ta ƙi tashi daga gurbi, ta baje fukafukai, ta kumbura gashi, kika kai hannu ta yi miki gurnani har da sara, to kwanci ya zo mata. Daga nan in aka ba ta ƙwai mai kyau, kwana 21 ne tsakaninki da 'yan tsaki. Ba ta neman wutar lantarki balle man janareto. Ita ke ba ƙwan ɗumin da yake bukata, wajen digiri 37 zuwa 38 a ma'aunin zafi, ita ke jujjuya shi dare da rana don kada ɗan da ke ciki ya manne wa ɓawo. Injin ƙyanƙyasa duk tsadarsa kwaikwayonta yake yi.

Kazar Hausa ta iya wannan aiki. Inda ake yin asara a gidajenmu na Haɗejiya da Auyo da Guri da Kirikasamma shi ne ɓangaren da ya rage wa mai kaza: wane ƙwai aka sa mata, a ina, a wane wata, sannan me aka yi wa tsakin bayan sun fito.

Da farko dai ba kowace kaza ke kwanci ba. Kajin gidan gona masu ƙwai, irin su ShikaBrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, an zaɓe su ne don su yi ta zuba ƙwai ba hutu, saboda haka da wuya su zauna a kansa. Haka Noiler da ta cika kasuwanni yanzu. Mai dabara kan ajiye kazar gida biyu ko uku da aka san su da haƙurin kwanci, ta riƙa sa musu ƙwan da take so. Kaza ba ta tambayar ƙwan wa aka ba ta.

Sai ƙwan kansa. Kaza na yin ƙwai ko babu zakara, amma irin wannan na soyawa ne, ba ya zama tsako. Zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji kamar goma, kuma yana da kyau a riƙa musanya shi da na wata unguwa bayan shekara ɗaya ko biyu, don kada ya yi ta bin 'ya'yansa iri ya lalace. A zaɓi ƙwai matsakaici, mai tsabta, marar tsaga. Kada a wanke shi, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, ruwa kuwa na tafiya da shi. Kada kuma ya wuce mako guda a ajiye. Wannan ya fi muhimmanci a nan fiye da wurare masu sanyi: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ɗan tsako na fara halitta tun ƙwan na cikin ƙwarya a ɗaki, sai ya mutu kafin a kai shi ƙarƙashin uwar. A ajiye ƙwai a gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi, tsinin yana kallon ƙasa.

Kwaɗayi ma na jawo baragurbi. Kazarmu ƙarama ce, ƙwai takwas zuwa goma sha biyu ne iyakar abin da za ta rufe. In kika hango ƙwai yana leƙowa ta gefen fiffike, sun yi mata yawa, kuma tun da jujjuya su take yi, yau wannan ne a waje gobe wancan, a ƙarshe dukansu sun sha sanyi. A sa su duka rana ɗaya, a yi wa kowanne alama da gawayi, saboda sauran kaji kan saci jiki su ƙara mata sabo, wanda ba zai fito tare da 'yan'uwansa ba.

Maganar gurbi ita ce inda ƙasar Haɗejiya ta bambanta da Kano ko Katsina. Mu mutanen fadama ne. A watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ke cika da ruwan da ya gangaro daga wajen Tiga da Challawa, ƙasa kanta tsattsafo take yi ko ambaliya ba ta shigo gari ba. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a 2020 da 2022 ba ya bukatar a faɗa masa cewa akurkin da ke ƙasa shi ne farkon tafiya. Don haka gurbin damina a ɗaga shi: tsohon kasko ko kwando a kan bulo, a zuba yashi busasshe, a bi shi da ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuyar samu a garin da injinan casa suka yi yawa. Da hunturu kuwa matsalar juyewa take yi. Iska ta bushe ƙarau, fatar cikin ƙwai ta yi tauri, tsako ya fasa ɓawo ya kasa fita. A lokacin gara gurbin ya zauna a ƙasa, a ɗan yayyafa ruwa a kewayensa, ban da kan ƙwan. Kafin a zaunar da kaza a barbaɗa toka a ƙasan gurbin, a sa busasshen ganyen darbejiya, domin ƙuma da ƙwarƙwatar kaji na iya tayar da ita daga kan ƙwai ana saura kwana kaɗan. In za a sauya mata wuri, a yi da dare.

Takan tashi sau ɗaya a rana ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta koma. Ba gudu ta yi ba, kada a kore ta. A dai ajiye mata hatsi da ruwa kusa. Tsakanin kwana na bakwai da na goma, a ɗauki ƙwan da dare a haska shi da tocila, ko ta waya ce. Mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa fes, a cire shi tun bai ruɓe ya fashe ya ɓata sauran ba. A kwana uku na ƙarshe a bar ta kurum. Tsako na iya kwana ya wuni tsakanin fasa ɓawo da fitowa, kuma hannun da ya yi saurin ɓare masa yakan tsinka jijiya ne.

Ga masu zabi, kaza ce uwar riƙo tun kaka da kakanni. Zabuwa da damina take ƙwai, a jeji take ɓoye shi, kuma ba ta da haƙurin raino: za ta ja 'ya'yanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da sassafe su mutu ɗaya bayan ɗaya. Ƙwan zabo kan ɗauki kwana 26 zuwa 28, saboda haka in za a haɗa shi da na kaza a gurbi ɗaya, a ba shi ratar mako guda. Na talo-talo kwana 28 ne. Na agwagwar gida, irin mai jan fuskar nan, har kwana 35, abin da ke ramar da kaza ƙwarai. A bar wa agwagwa kayanta, ita ma gwanar kwanci ce.

To, 'yan tsaki sun fito. Nan ne ake murna, nan ne kuma ake sakaci. Kowace mai kiwo ta san labarin: kaza ta fito da goma, bayan wata biyu tana yawo da uku. Shirwa ta ɗauki nata, shaho da hankaka sun ɗauki nasu, muzuru da gafiya sun zo da dare, a unguwannin bakin ruwa kuma ga guza da maciji. Sauran raɓa da kwata sun cinye. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa, amma gudun nata bai cika tsirar da su ba. Wasu na shafa wa tsaki launi wai don shirwa ta kasa gane su. Ni dai na fi yarda da babban kwando ko ɗan keji na waya: a kife uwa da 'ya'ya a inuwa, a riƙa matsar da shi zuwa busasshen wuri, har mako huɗu zuwa shida, lokacin da gashi ya rufe su.

Tsarewa kuwa na nufin ciyarwa. Ranar farko ba sa bukatar komai sai ruwa, don sun fito da sauran gwaiduwa a ciki. Ruwan a faffaɗan kasko marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki kada su nutse. Bayan nan sai tsaki (abin sha'awa, sunan abincin da na masu cinsa sun zo ɗaya), na gero ko masara ko karyayyar shinkafa. Amma hatsi zalla ba ya gina jiki. A nan mutumin Haɗejiya ya fi kowa sa'a, domin garin da ke zuba a ƙasan kwandon bandar kifi abinci ne da masu gidan gona ke saye da tsada. A daka shi, a haɗa da ɗan ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, a ƙara da gara in an samu. Dusar da ta yi funfuna saboda laima a zubar da ita. Wani amfanin ciyar da su da kanki kuma: kazar da aka raba da 'ya'yanta bayan sun yi gashi takan koma ƙwai da wuri, maimakon ta shafe wata biyu ko uku tana jan su.

Saura annoba. Cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, mai sa kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, ta fi ɓarna da hunturu, kuma tana iya share akurkin unguwa cikin mako guda. Ba ta da magani in ta kama. Kafso ja-da-yalo da barkono da saƙe-saƙin maɗaci da ake jiƙawa ba sa kashe ta. Rigakafi ne kawai, kuma akwai shi: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato na yin wani mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, babba da yaro, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, sai maƙwabta su haɗa kuɗi a yi rana guda. Kazar da aka sayo a kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida.

Akwai wata ƙarin hattara ta masu zama kusa da ruwa. Dausayin Baturiya da sauran fadamun da suka miƙa har Nguru masauki ne na tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da sanyi, kuma tsuntsayen ruwa na iya ɗauke da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Agwagin da ke wuni a fadama kada su sha a kasko ɗaya da 'yan tsaki. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da ma'aikacin dabbobi.

In za a bi ta tawa, kwancin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne na kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya janye, sauro mai yaɗa ƙurajen fuska ga kaji ya fara raguwa, hatsi ya shigo gida, tsaki kuma za su yi gashi kafin sanyi ya kankama. Sharaɗinsa ɗaya ne, a ɗiga musu rigakafi kafin iskar hunturu ta taso. Uwargida, tun kazarki ba ta kwanta ba, aika a tambayo miki ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku ranar da za a samu maganin.