Shaidu Uku Da Alƙali: Yadda Ake Kare Na'ura Daga Kuskure

A watan Mayun 2003, a gundumar Schaerbeek ta ƙasar Beljiyam, kwamfutar ƙidayar zaɓe ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'a 4,096 waɗanda ba wanda ya jefa. Da aka bincika sai aka tarar na'urar lafiya lau take. Masana suka ce mai yiwuwa lamba guda ce ta juye daga sifili zuwa ɗaya a cikin ma'ajiyarta, watau irin kuskuren da ɓurɓushi masu ƙarfin gaske da ke faɗowa daga sararin samaniya kan haddasa ba tare da sun lalata kome ba.

Tun a 1978 Timothy May da Murray Woods na kamfanin Intel suka bayyana irin wannan kuskure, sa'an nan a 1979 James Ziegler na IBM da William Lanford suka nuna cewa ɓurɓushin samaniya ma suna haddasa shi.

Abin ya fi tsanani ga ƙwayar lantarki da ake kira FPGA, wadda kamfanin Xilinx na Amurka ya fara sayarwa a 1985. Ita wannan ana iya sake mata tsari bayan an ƙera ta, domin a cikin ma'ajiya ake rubuta yadda hanyoyinta ke haɗe. Saboda haka in lamba ta juye a can, tsarin na'urar kansa ne ya canja, kuma haka zai zauna har sai an sake rubuta shi. Ga tauraron ɗan Adam ko jirgin sama, wannan batu ne na dukiya da rayuka.

Maganin ya samo asali daga John von Neumann, wanda a 1956 ya nuna yadda za a haɗa na'ura abar dogara da sassan da ke iya kuskure. Akan gina sashe ɗaya har sau uku, duka su yi aiki guda, sa'an nan a kai amsoshinsu gaban wani sashe mai kama da alƙali, shi kuwa ya ɗauki abin da biyu suka yarda da shi. Kwamfutar rokar Saturn V, wadda ta kai mutane wata a 1969, da wannan dabara ta yi aiki.

Amma fa alƙalin ma yana iya kuskure, shi ya sa shi ma akan ninka shi uku. Har ila yau, in aka bar sashe ɗaya da ɓarna har na biyu ya bi shi, ƙarya ce za ta yi rinjaye. Domin haka na'urar kan riƙa duba ma'ajiyar tsarinta a kai a kai tana gyarawa.

Kuɗin wannan kariya ba kaɗan ba ne, gama wurin da ake bukata ya wuce ninki uku, wutar da ake sha kuma ta ƙaru ƙwarai. Wannan ne ya sa injiniyoyi kan zaɓi sassan da ɓacinsu ya fi haɗari su ninka su kaɗai, sauran kuwa su bar wa mai duba ma'ajiya.