Mazhabobin addinin Buddha uku da yadda kowacce ke hulɗa da masu mulki

Addinin Buddha kan fito a labaran duniya da fuskoki biyu: Dalai Lama mai wa'azin zaman lafiya, da wasu limaman Myanmar da ake zargi da rura wutar ƙiyayya ga Musulmin Rohingya. Kafin a fahimci wannan saɓani, sai an san cewa addinin ya kasu manyan mazhabobi uku.

Dukkansu sun samo asali ne daga Siddhartha Gautama, wanda aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, kimanin shekaru 2,500 da suka wuce. Sun yi ittifaƙi cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahalar kuwa kwaɗayi ne, wanda ya kashe shi ya kai ga Nirvana. Hanyar zuwa can ce suka saɓa a kai.

Theravada, wadda ta fi sauran daɗewa, ta riƙe nassoshin harshen Pali, kuma ta ɗora nauyin tsira a kan mutum da ƙoƙarinsa. Ita ke da rinjaye a Siri Lanka, Myanmar, Tailan, Kambodiya da Laos, inda limamai ke kusa da fada. Kundin tsarin mulkin Siri Lanka na 1978 ya ba addinin matsayi na farko, a Tailan kuma dole sarki ya kasance mabiyinsa. Limaman Myanmar ne suka jagoranci zanga-zangar adawa da mulkin soja a 2007, amma daga cikinsu ne Ashin Wirathu ya fito da huɗubobin ƙin Musulmi, kafin farmakin sojoji na 2017 ya kori Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladesh.

Mahayana ta yaɗu a Sin, Japan, Koriya da Biyetnam. Abin koyinta shi ne bodhisattva, wanda ke neman wayewa domin ya ceci sauran halittu. Daga cikin rassanta akwai Zen, da kuma Nichiren, wanda ƙungiyar Soka Gakkai da ta kafa jam'iyyar Komeito a Japan a 1964 ta tsiro daga gare shi.

Vajrayana, wadda ta fito daga cikin Mahayana, ta yi ƙarfi a Tibet, Mongoliya da Butan. A Tibet an yi imani cewa babban malami kan sake haihuwa a jikin wani yaro, kuma nan ne siyasa ta shigo. A 1995 hukumomin Sin suka ɗauke yaron da Dalai Lama ya ayyana a matsayin Panchen Lama, suka naɗa nasu. A 2007 suka kafa doka cewa sai da amincewar gwamnati za a tabbatar da irin wannan magaji.

A Yulin 2025, yana gab da cika shekara 90, Dalai Lama ya bayyana cewa gidauniyarsa ta Gaden Phodrang ce kaɗai za ta zaɓi magajinsa. Beijing ta yi watsi da hakan. Idan ɓangarorin ba su daidaita ba, mutanen Tibet na iya wayar gari da Dalai Lama biyu bayan rasuwarsa.