Majalisar Mazauna Gidajen Kulawa da Haƙƙin Gajiyayyu a Jos

Gidan kulawa na dogon zama shi ne wurin da ake ajiye wanda tsufa ko naƙasa ko doguwar jinya ta hana shi ɗawainiyar kansa, ya zauna watanni ko shekaru, wani lokaci har ƙarshen ransa. A ƙasar Hausa ana ɗaukar kai tsoho irin wannan gida abin kunya ga 'ya'yansa, amma tarihin Jos ya sa ba kowane tsoho ne yake da dangi a kusa ba, domin haƙar kuza ta jawo mutane daga nesa tun farkon ƙarni na 20, sannan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka raba unguwanni, suka bar wasu tsofaffi ba mai jiɓintar lamarinsu.

Babbar matsalar mazaunin irin wannan gida ita ce ana kallon duk abin da aka yi masa a matsayin sadaka, wanda kuwa ake ciyarwa don Allah yakan ji nauyin buɗe baki ya yi ƙorafi. Tsohuwar da ba a kawo wa ruwan zafi ba da asubahin hunturu, a garin da sanyinsa ke ratsa ƙashi, sai ta haɗiye maganar. Haka dattijon da haƙoransa suka zube aka ajiye masa abinci mai tauri, ko wanda katin cirar kuɗin fanshonsa ke aljihun wani. A gari mai addinai biyu kamar Jos kuma akwai batun sahur ga mai azumi da zuwa coci ranar Lahadi. Waɗannan duka haƙƙoƙi ne, kuma ba su faɗuwa don mutum ya gajiya.

Majalisar mazauna ƙungiya ce da mutanen gidan ke kafawa da kansu, su zaɓi shugabanninta daga cikinsu, su riƙa zama lokaci-lokaci suna tattara koke-koke da shawarwari, su miƙa wa hukumar gidan da murya ɗaya, ta yadda ba za a ware mutum guda a tsangwame shi ba. Jamus ta shigar da wannan tsari cikin dokarta ta 1974, Amurka kuma a dokar 1987 ta wajabta wa gidajen kulawa su ba majalisar keɓaɓɓen wurin taro, kada ma'aikaci ya shiga sai an gayyace shi, kuma hukumar gidan ta saurari koken da aka kawo mata ta ɗauki mataki. Sharaɗin keɓewar nan shi ne ƙashin bayan tsarin, saboda da wuya tsoho ya faɗi laifin mai yi masa wanka alhali yana tsaye a kansa.

Tunanin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda tun zamanin da ya san Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, masu magana da yawun jama'arsu a gaban hukuma. Bambancin shi ne sarauta naɗi ce, majalisa kuwa zaɓe ce, kuma ya kamata mata su samu kujeru a cikinta.

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba: a 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a 2019 kan dokar hana wariya ga masu naƙasa, a 2023 kuma kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Sai dai haƙƙin da aka rubuta a Abuja ba ya isa ɗakin kwanan gajiyayye idan babu mai bibiyarsa daga ciki, kamar yadda aka gani a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300, wasunsu ɗaure da mari, daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna. Jihar Filato, wadda ta yi dokar kare haƙƙin masu naƙasa tun 2005, ta cancanci ta sake shiga gaba. Ya kamata Majalisar Dokokinta ta sanya kafa majalisar mazauna cikin sharuɗɗan ba kowane gidan kulawa lasisi, ko na gwamnati ne, ko na coci, ko na ƙungiyar Musulunci.