Uwargida, Me Ke Tokare Da Get Ɗin Gidanki?

A wannan wata filin namu zai bar ɗaki da madafa ya tsaya a bakin get, domin akwai wani ɗan ƙaramin abu a wurin da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, alhali lafiyar 'ya'yanmu na rataye da shi. Wannan abu kuwa shi ne matokari, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa domin ya riƙe ƙyauren get idan an buɗe shi, ya kuma tare shi a tsakiya idan an rufe.

A gidajenmu da dama rabin bulo ne ko dutse ke yin wannan aiki. Wani gidan ma yaro ne matokarin, da an ji hon ɗin mota sai a ce, "Maza je ka riƙe wa Abbanku get." To 'yar uwa, tsaya ki ji nauyin abin da ake ba yaron nan ya riƙe.

Nauyin ƙarfe da ƙarfin iska

Idan ƙyaure ɗaya yana da tsayin mita 2 da faɗin mita 2, aka lulluɓe shi da fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1.5, to fallen kaɗai ya kai kusan kilo 47, tun ba a haɗa da ƙarafan jikinsa da na ado ba. Ga shi kuma mu masu son sitira ne, get ɗinmu a rufe yake ruf, babu inda iska za ta ratsa ta wuce. Iskar da ke gudun kilomita 60 a awa tana tura irin wannan ƙyaure da ƙarfin da ya haura nauyin buhun siminti, idan kuma gudunta ya ninka, ƙarfin turawar ninkawa yake yi sau huɗu. Duk wadda ta san hadarin farkon damina, wanda ke tasowa daga gabas da guguwa kafin ruwa ya sauko, ta san bulo ba zai tare wannan ba, balle yaro ɗan shekara bakwai. Abin da kan biyo baya shi ne datsewar yatsu, ko ƙyaure ya make yaro ya haɗa shi da bango, ko ya daki gefen mota tana shigowa. Idan get ɗin waje yake buɗewa, to mai wucewa da mai babur da 'ya'yan maƙwabta su ma suna cikin haɗarin.

Wane iri za a zaɓa?

Get mai ɓare biyu yana bukatar matokari a wuri uku: ɗaya a tsakiya inda ɓangarorin ke haɗuwa, sai ɗaya a kowane gefe inda ƙyaure ke tsayawa idan an wangale shi. Na tsakiya ɗan guntun ƙarfe ne mai kauri da ke hana get zarcewa, kuma a gefensa ake yin ramin da sakatar ƙasa ke shiga. Na gefe kuwa, a nan ake yawan yin kuskure, domin guntun ƙarfe zalla hana ƙyaure dukan bango kawai yake yi, ba ya hana iska dawo da shi. Saboda haka a nemi mai ƙugiya wanda ke cafke ƙyauren, ko kuma a yi wa sakatar ƙasa rami na biyu a nan, ta yadda da an buɗe get sai a sake ta ta faɗa ciki. Duk mai walda da ya san aikinsa zai ƙera waɗannan da ragowar ƙarfe, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin asibiti ko na gyaran mota ba. A liƙa wa wurin da ƙarfe ke dukan ƙarfe guntun tsohuwar taya, zai rage ƙara ya kuma rage girgiza.

Yadda ake kafa shi

Ko da yake aikin na birkila ne da mai walda, yana da kyau uwargida ta san yadda ya kamata ya kasance, tunda sau da yawa ita ke gida lokacin da ake yin sa. Da farko a kafa matokarin gefe daidai bakin ƙyaure, nesa da hinji. Idan aka sa shi kusa da hinji, duk lokacin da get ya dake shi waldar hinjin ce ke shan wahala, a hankali har ta tsage. Na biyu, a haƙa rami kamar ƙafa ɗaya a zurfi da faɗi, a cika shi da kankare: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Ramin sakata kuma a dasa masa guntun bututun ƙarfe wanda ya ɗan fi sakatar faɗi, a zuba tsakuwa a ƙarƙashinsa domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Na uku, kada na tsakiya ya ɗago sama da santimita 5, don kada ya daki cikin mota ko ya sa mutane tuntuɓe. A shafa masa farin fenti saboda tsofaffi da masu juna biyu da masu fita sallar Asuba. Daga nan a riƙa yayyafa wa kankaren ruwa har kwana 7, kuma kada mota ta taka shi kafin cikar waɗannan kwanaki. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28.

Kula da shi kuma naki ne

Idan ana sharar tsakar gida, a haɗa da ramin sakata, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cika shi, da kuma damina da laka ke toshe shi. Yara ma sukan cusa tsakuwa da murfin kwalba a ciki. Kafin damina ta kama, a shafa wa hinji da sakata giris ko baƙin mai, a kankare tsatsa a sake fenti. Idan kika ga sakata ta daina shiga raminta, ko get ya fara jan ƙasa, ko ginshiƙin da ke riƙe da shi ya tsage, to alama ce ƙyauren ya sauka, kuma irin wannan ne kan ɓalle ya faɗo. A nisanta yara daga wurin, a kira mai walda ranar. Sannan a hana su lilo a jikin get ko sa hannu ta wajen hinji, a kuma koya musu tsayawa gefe har mota ta gama shiga.

Saura kuma yadda za a shawo kan maigida. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki nuna masa wurin da idonsa, ki ce, "Abban yara, damina ta matso, da za a kira mai walda ya duba mana get ɗin nan da hankalina ya kwanta." Masu zaman haya kuma su sanar da mai gidan cikin mutunci, ko masu hayar su haɗa kuɗi su yi. Haƙiƙa Allah ne mai tsarewa, amma addininmu ya koyar da mu mu ɗauki mataki sannan mu yi tawakkali, kuma 'ya'yan nan amana ce a hannunmu.

Allah ya kare mana zuri'armu, ya sanya albarka a gidajenmu, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.